Yadda za a yi nazarin rayuwar Kyaftin Moroni a Littafin Mormon

Wanda yake son sanin Kyaftin Moroni ya fara da bambanta shi da takwaransa, domin akwai Moroni biyu a Littafin Mormon, littafi mai tsarki na mabiya cocin da aka fi sani da Mormon, wanda Joseph Smith ya wallafa a Amurka a 1830. Ɗaya shi ne ɗan annabi Mormon, wanda ya kammala rubuta littafin, ɗayan kuma shi ne Kyaftin Moroni, shugaban mayaƙan mutanen Nifai (wata al'umma a littafin), wanda labarinsa yake cikin sashen da ake kira littafin Alma daga babi na 43 zuwa na 63.

A fara da babi na 43 da na 44, a riƙa kula da yadda yake haɗa dogaro ga Allah da shiri. Littafin ya ce yana da shekara 25 aka ba shi jagorancin runduna, ya tanadar wa mayaƙansa sulke da garkuwa da tufafi masu kauri, alhali maƙiyansu kusan tsirara suka fito. Da yake neman sanin inda rundunar Zerahemna, jagoran maƙiyan, ta nufa, ya tura 'yan leƙen asiri, ya kuma aika wa annabi Alma ya roƙi Ubangiji. Da ya kewaye maƙiyan a bakin kogin Sidon ya ga tsoro ya kama su, sai ya dakatar da kisa, ya nemi su ajiye makamai su yi alkawarin zaman lafiya.

Babi na 46 shi ne sananne: wani mutum mai suna Amalikiya yana neman sarauta, Moroni ya yage rigarsa, ya rubuta a kanta cewa don tunawa da Allah ne da addini da 'yanci da zaman lafiya da mata da 'ya'ya, ya ɗaura ta a kan sanda. Babin ganuwa da ramuka, wato na 49 da na 50, ana iya wuce su da sauri.

Inda ya kamata a zauna sosai shi ne babi na 60 da na 61, kuma a ganina a karanta su tare da yabon da ke babi na 48, inda aka ce ba ya jin daɗin zubar da jini. Mayaƙa na fama da yunwa da ƙarancin mutane, sai Moroni ya rubuta wa babban alƙali Pahoran, wato shugaban ƙasar, wasiƙa mai zafi, yana zarginsa da sakaci, har da barazanar zuwa da takobi. Ashe masu neman sarauta sun kori Pahoran daga Zarahemla, babban birnin ƙasar. Pahoran ya amsa cewa bai yi fushi ba, ya nemi taimakonsa. A rubuta zarge-zargen a gefe guda, amsoshinsu a ɗaya gefen, sannan a duba babi na 62 a ga yadda Moroni ya taho da mayaƙa suka ƙwato birnin tare, kafin ya miƙa wa ɗansa Moroniha ragamar runduna ya koma gida.