Yadda ake gane shekarun kayan gilashin da aka gada

Idan rabon gado ya biyo ta kan kabad ɗin kaka, yawanci ba a rigima a kan kayan fashe-fashe. Ana cewa tsohon yayi ne, a tura wa wadda ba ta da baki. Idan ke ce suka faɗo wa, kada ki yi saurin kai su kicin.

Fara da wanki, amma a hankali. Ki shimfiɗa tawul a cikin roba, ruwa mai ɗumi da sabulu kaɗan, soso mai laushi. Ban da toka, ban da soson ƙarfe, domin furen da ke jiki da zinaren bakin kofi a saman gilashin suke, kuma idan sun tafi ba sa dawowa.

Daga nan ki kife kowanne ki duba ƙasansa. Nan ne labarin yake, ba a furen ba. Idan tambarin ya dushe, haska tocilar waya daga gefe, ko ki ɗora takarda ki goga fensir a kai.

Farin kwanon nan mai kamar madara da muke kira fayreks, asalin sunan Pyrex ne, wanda kamfanin Corning na Amurka ya fito da shi a 1915. A Ingila kuwa, masana'antar James A. Jobling da ke garin Sandalan (Sunderland) ce ta fara yin sa a 1922. Don haka idan kin ga haruffan JAJ tare da ɗan kambi, na Ingila ne, kuma bai gaza shekarun 1970 tsufa ba, lokacin da Corning ya karɓe masana'antar aka daina sa haruffan. Arcopal na Faransa ne, daga garin Ark, an fara shi a 1958. Ya fi fayreks sirantaka da rashin nauyi. Duralex ma na Faransa ne, tun 1945. Lambar da ke ƙasan kofin Duralex tana ruɗar mutane: ba shekara ba ce, lambar mazubin da aka ƙera shi ce.

Sunan ƙasa ma shaida ne. Abin da aka rubuta wa West Germany tsakanin 1949 da 1990 aka yi shi. Czechoslovakia kuwa ta rabu biyu a farkon 1993, don haka duk abin da ke ɗauke da sunan ya girmi wannan shekara. Idan kuma kin ga an ambaci microwave, ki sauke buri, ba ya wuce shekarun 1970 zuwa yau.

Wanda ba shi da tambari, hannu ne zai yi aiki. Bi jikinsa da yatsa. Siririn layi daga sama zuwa ƙasa yana nufin a mazubi aka matsa shi, zanensa kuma za ki ji shi da santsi. Wanda aka yanka wa zane da hannu gefensa kaifi gare shi, yana da nauyi, idan kin ƙyasta shi da farce sai ya yi ƙara mai tsawo. Tabo zagayayye a tsakiyar ƙasa alamar busawa da baki ce, sai dai har yau ana busa gilashi, don haka wannan kaɗai bai isa hujja ba. Na fi yarda da ƙananan karce a inda kofi ke zama, waɗanda shekaru ne kawai ke yin su.

Sai yanzu za ki koma ga furen. Ɗauki hotonsa da rana a kan farin ƙyalle, ki nema da Google Lens, manhajar da ke binciko abu ta hotonsa, tare da sunan da kika gani a ƙasa. Masu tara irin waɗannan kaya sun jera zanen Pyrex da shekarunsa: Butterprint, mai hoton manomi da matarsa da zakaru, 1957 ya fito, Butterfly Gold kuma 1972. Ki lura, zane ɗaya kan yi shekaru ana buga shi, don haka farkonsa kawai za ki sani.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda na fi so. Ɗauki kwano ɗaya ki kai wa gwaggo ko wata tsohuwar da ta ga jeren. Ba za ta ba ki shekara da lamba ba. Cewa za ta yi, "Wannan ai na auren Yaya ne, bayan canjin kuɗi," ko "tsarabar Makka ce, shekarar Udoji." Naira ta shigo a 1973, rahoton Udoji, wanda ya kawo ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, 1974 ne. Ki haɗa da abin da tambari ya nuna, ki rubuta a ƴar takarda, ki jefa cikin kwanon kafin ki mayar da shi kabad.