Yadda ake haɗa wa yaro littafin hotuna idan abokinsa ya ƙaura

A Damagaram ƙarshen babban hutu lokacin ƙaura ne. Kafin a koma lakwal a watan Oktoba an sauya wa ma'aikata wurin aiki, wani Yamai, wani Agadas, sai yaro ɗan shekara 4 zuwa 7 ya wayi gari gidan abokinsa da kwaɗo a ƙofa. Ƙaramin littafin hotuna da aka haɗa a gida yana rage masa zafin abin, domin abokin nasa ne a ciki.

Kayan aikin kaɗan ne, kuma akwai su a kasuwar Dole: farar takarda A4 guda 4, kwali marar kauri na bango, allura da zare, fensir mai kala, sai ƙaro da aka jiƙa don liƙa hoto. A haɗa takardun a ninke su tare gida biyu, sun ba da shafi 16. A sa lamba bayan an ninke. Wanda ya fara zane a shimfiɗaɗɗiyar takarda zai tarar shafi na 2 yana zaune kusa da na 15, labari ya rikice. A huda wuri uku a kan ninkin, a ɗinke har da bangon, a ƙulle ta waje. Alƙalami mai ruwa yana ratsa takarda ya ɓata bayan shafi, a bar shi.

Kowane shafi hoto ɗaya, jimla ɗaya, kada ta wuce kalma 10. Shafi biyar na farko na zaman tare ne, kuma a zana abin da yaron ya sani da idonsa: langa a ƙofar gida, allo biyu jingine a zauren malam, hawan salla a ƙofar fada. Sannan ranar tafiya, katifa ɗaure a saman mota. Bayanta a ba da shafi biyu cur ga kewa: tabarma, wurin abokin babu kowa, a ƙasa a rubuta "Ina kewarsa." Nan manya suka fi kuskure, suna tsallake wannan shafi don tausayi, alhali shi yaro zai fi tsayawa a kai. A ƙara shafi ɗaya mai cewa baban abokin aka sauya wa wurin aiki, domin yara ƙanana sukan ɗauka faɗan da suka yi jiya ne ya kori abokin.

Kada a rubuta "zai dawo gobe". Yamai kusan kilomita 900 ce daga nan, kuma yaro yana ƙirga kwana. A rubuta abin da za a iya cikawa, kamar saƙon murya ta wayar inna kowace Juma'a. Kada kuma a cusa sabon aboki a shafin ƙarshe kamar musanya. A bar shafi biyu fari, ya cike da kansa.

A karanta da dare bayan isha'i, ko sau goma ya nema, a amsa tambayarsa ko ita ce ta jiya. In da hali a yi fotokofi kafin ɗinki, a aika wa abokin nasa ta tasha. Idan ƙin abinci ko fitsarin kwance ya ɗauki makonni, a kai shi likita.