Agogon aljihun da ka gada, fito da shi ya yi aiki

Jama'a, duk wanda ya gaji agogon aljihu daga mahaifi ko kaka, kada ya bar shi a ƙasan akwati. Kafa ƙusa kusa da inda kake zama a shago, ka rataye shi da sarƙarsa.

Yawancin na da wani ake yi musu, wato a murɗa kan agogon da hannu, ba ruwansu da batir. Nepa ta ɗauke wuta, waya ta mutu, shi yana ta tafiya. Ni na fi jin daɗinsa wajen karatun yara da dare. Ka ajiye shi gaban yaro, ka karɓe wayar, lokaci yana gani kuma babu abin da zai ɗauke masa hankali.

Yi masa wani sau ɗaya yakan kai shi awa 30 ko kusa da haka, don haka ka riƙa yi masa kullum bayan sallar Asuba. Murɗa a hankali. Da ka ji ya yi tauri, tsaya, matsawa tana ɓata shi.

Idan ya shekara da shekaru a ajiye, kar ka fara da yi masa wani. Man cikinsa ya bushe. Kai wa mai gyaran agogo a Sabon Gari ya wanke ya sa sabo, kuma ku yi ciniki tukuna.

Ba ya son ruwa, ba ya son ƙurar hunturu, kuma ka nisanta shi da lasifika saboda maganaɗisu. Yakan yi gaba ko baya da minti ɗaya ko biyu a rana, sai ka daidaita da labaran rediyo. Kuma in ba a raba gado ba, nemi yardar 'yan'uwa kafin ka ɗauka.