Yadda za ki karanta takardar gwajin jininki in kina da juna biyu

Duk wadda ke zuwa awo a Gusau, ko asibitin tarayya na FMC ne ko asibitin Yariman Bakura, ta san takardar nan da ake miƙo mata daga lab cike da lambobi, wasu an sa musu H a gefe, wato ya yi sama, wasu L, wato ya yi ƙasa. To 'yar uwa abin da za ki fara riƙewa shi ne, ma'aunin da aka buga a gefe galibi na wadda ba ta da ciki ne. Injin bai san cikinki ya kai wata bakwai ba, shi dai ya auna ya buga, shi ya sa za ki ga mace lafiyarta lau amma hankalinta ya tashi a banza.

Ki fara duba PCV ko Hb, su ne ke nuna yawan jini. In mace ta samu ciki ruwan jininta yakan ƙaru da kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, su kuma jajayen ƙwayoyin ba su kai haka ƙaruwa ba, kamar kunun da aka ƙara wa ruwa ne, don haka dole lambar ta ɗan sauka, musamman a tsakiyar ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Hb ƙasa da 11 ga mai ciki ƙarancin jini ne, wato PCV kusan 33, amma daga wata 4 zuwa 6 ana sassautawa zuwa 10.5. In Hb kaɗai aka rubuta ki ninka shi uku, za ki samu kusan PCV ɗinki. Hb ɗin da ya sauka ƙasa da 7 kuwa ba na jiran ranar awo ba ne, a ranar za a koma asibiti, don mace mai irin wannan jinin ko zubar jini kaɗan ta yi wajen haihuwa tana iya shiga wani hali. A nan gun mu masassarar cizon sauro da ƙarancin sinadarin ayan, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke yin jini da shi, su ne kan gaba wajen shanye jinin mai ciki, shi ya sa ake ba da jan maganin nan na ƙarin jini da folik asid kullum, da Fansidar na rigakafin masassarar wata-wata bayan ciki ya wuce wata uku. Don Allah kar ki kora maganin da shayi, ganyen shayi na hana jiki tsotsar ayan ɗin. Masu sikila su lissafinsu daban ne, likitansu ya san inda jininsu ya saba tsayawa. Kuma in a gidanku ana niƙa dutsen zinare ki faɗa wa likita, tun abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 kowa ya san gubar dalma da ake samu a irin wannan dutsen, ita ma tana rage jini.

Sai WBC, fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki. Nan ne aka fi ruɗewa wallahi. Wadda ba ta da ciki nata tsakanin 4 ne zuwa 11, wato dubu 4 zuwa dubu 11, amma mai ciki yana iya kaiwa 15 a watannin ƙarshe ba tare da wata cuta ba, lokacin naƙuda da bayan haihuwa ma har ya haura 20. Ki duba ƙasa kaɗan inda aka jera ire-iren fararen ƙwayoyin, za ki ga Neutrophils ne suka ɗaga, su ne ke yawaita da ciki, Lymphocytes kuma su ɗan yi ƙasa ko su tsaya yadda suke. Saboda haka maigida, ganin 13 da H a gefe ba dalili ba ne na rugawa kemis a ce "akwai infekshan" a sayo mata kafso, wasu magungunan ma illa suke wa jinjirin. Abin da zai sa a damu shi ne in lambar ta zo tare da zazzaɓi, ko zafin fitsari, ko ciwon kwiɓi, ko ruwa mai wari na fita ta gaba.

Platelets, masu sa jini ya daskare, daidai ɗinsu daga 150 ne zuwa wajen 400. Sukan ɗan sauka a ƙarshen ciki, 130 ko 140 ba abin firgita ba ne. Ƙasa da 100 a bincika, balle in ga hawan jini ga ciwon kai ga kumburin fuska, wannan kan iya zama hanyar jijjiga.

ESR kuwa, gwajin saurin kwantawar jajayen ƙwayoyin jini, ki ƙyale shi, ciki kaɗai na ɗaga shi.

Ki riƙa adana takardun a cikin katin awonki bi da bi, ki rubuta watan ciki a saman kowace. PCV 31 a wata shida ga wadda ta fara da 32 ba ɗaya ba ne da 31 ga wadda ta fara da 38, kuma nas ko likita ba za su gane hakan ba sai kin ajiye musu tsohuwar takardar kusa da sabuwar.