Yadda za ka yi da mai yaɗa ƙiyayya a majalisarku ba tare da kai ma ka zama irinshi ba

Kowace majalisa a garin nan na Sakkwato, daga Mabera har Runjin Sambo, akwai mutum guda da in ya buɗe baki sai ya haɗa jama'a guda ya yanke musu hukunci. Wani Fulani ne abin zaginshi, wani 'yan ɗariƙa, wani 'yan Izala, wani Inyamuran da ke da shaguna a titin Emir Yahaya. In ka yi magana sai a ce maka ai ra'ayinshi ne, ƙasa ce ta 'yanci, ƙyale shi. To a ƙyale ɗin ko kar a ƙyale? Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne mutumin kam a bar shi ya zauna cikinmu, amma maganar ba a barinta ta wuce babu amsa, kuma akwai inda in ya kai to hira ta ƙare.

Ka fara rarrabe abin da ke gabanka, don abu ukku ne mutane ke cakuɗawa. Akwai abin da mutum ya ƙudurta a zuciya, wannan ba ka da iko da shi, gwamnati ma ba ta da shi, sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin tunani da addini. Akwai abin da ya furta, sashe na 39 ya kare wannan, amma sashe na 45 ya ce ana iya taƙaita shi saboda zaman lafiya da haƙƙin wasu. Sai na ukku, tunzurawa, wato a nuna mutum ko unguwa ko rugga a ce a je a yi musu. In ba ka rarrabe ba, ko dai ka riƙa kai ƙarar kowa don ya faɗi abin da ba ka so, ko ka zauna kana kurɓar shayi ana shirya kashe mutum a gabanka.

Kuma wanga rarrabewa ba daga Turawa munka aro ta ba. Sayyidina Ali, Allah ya ƙara mishi yarda, Khawarijawa sun kafirta shi a fili, suna katse mishi huɗuba a masallacin Kufa, amma ya ce musu ba za mu hana ku masallaci ba, ba za mu hana ku rabonku na ganima ba muddin hannunku na tare da namu, kuma ba za mu yaƙe ku ba sai kun fara. Har Ibn Abbas ya tafi wurinsu ya yi muhawara da su, da yawa sunka dawo. Sai da sunka zubar da jini, sunka kashe Abdullahi ɗan Khabbab da matarshi, sannan anka yi yaƙin Nahrawan. Mummunar aƙida ce, babu shakka, amma shugaban Musulmi ya yi haƙuri da masu ita yana ba su amsa har ranar da sunka ɗauki makami. Turawan ma ba su daidaita ba, a Jamus musun kisan kiyashin da anka yi wa Yahudawa laifi ne da ake hukuntawa, a Amurka kuma kotun ƙoli ta yanke a 1969 cewa ba a hukunta magana sai in tunzurawa ce da ke gab da haifar da ɓarna.

To yanzu ga ka a benci wurin mai shayi, Malam wane ya ce ai Fulani duk bakinsu ɗaya da 'yan bindiga. Kar ka fara da "kai ɗan ƙabilanci ne", yana jin haka zai ƙara kafewa, su kuma sauran su koma kallon faɗa. Tambaya za ka yi mishi, a hankali, kamar mai son sani. Duk? Har da mai kawo muku nono da safe? Har da limamin da kake bi salla? Ka sa shi ya kira suna, domin ƙiyayya da jam'i take rayuwa, "su", "waɗancan mutanen", da zaran an ce wane ɗan wane sai ka ga ta fara sanyi. Sau da yawa zai ce a'a ban da wane, shi kam mutumin kirki ne. To ka riƙe wannan, ya riga ya warware "duk" ɗin da bakinshi, ba sai ka yi mishi dariya ba.

Kuma ka saurari abin da ke ƙasan maganar. Mutumin da ya gudo daga Sabon Birni ko Isa, an kashe ƙanenshi a gona, an sa wa garinsu haraji kafin su yi girbi, yana kwana a kango cikin Sakkwato, in ya yi magana mai zafi ba lacca yake buƙata ba. Ka yi mishi ta'aziyya da gaske, ka yarda an zalunce shi don an zalunce shi, sannan ka ce mishi wanda ya yi maka wannan yana da suna kuma yana daji, ba shi ne tsohon da ya kawo akuya kasuwa ba. Mun ga inda ɗaukar fansa kan wanda bai ji ba bai gani ba ta kai mu, a watan Oktoban 2021 'yan sa-kai sun kashe Fulani a kasuwar Mamande, a cikin watan kuma 'yan bindiga sunka buɗe wuta a kasuwar Goronyo sunka kashe mutum sama da 40. Babu ɗaya daga cikin gawarwakin nan da ta dawo wa kowa da ɗan'uwanshi.

In dattijo ne, kar ka ƙaryata shi gaban yara. Ka jira a watse, ka raka shi, ka ce Baba, maganar ɗazu ta tsaya min a rai, yaran nan fa suna ɗauka. Amma a wurin ma kar ka yi dariya, kar ka gyaɗa kai, ko "Allah ya kyauta, amma ba duka ba" ta isa yaro ya san akwai wanda bai yarda ba.

Inda za ka daina lallashi shi ne in an fara cire mutane daga mutuntaka, ana kiransu da sunan dabba ko ƙwari ko najasa. A Ruwanda a 1994 gidan rediyon RTLM ya yi ta kiran 'yan Tutsi kyankyasai, cikin kwana 100 anka kashe mutum wajen 800,000, da yawa da adda, a hannun maƙwabta. Irin wannan kalma a nan take za ka tare ta, ka ce Malam, ban da wannan a nan. Lokacin da wani ya yi kiran "ya ku Muhajirai" wani ya yi kiran "ya ku Ansaru" Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa ya yi ku bar ta, wari take yi. In kai ne ke da shagon ko kai ke riƙe da guruf ɗin WhatsApp na unguwa, ka goge odiyon, ka kira wanda ya turo ka yi mishi gargaɗi, ya sake ka cire shi. Ba ka tauye 'yancin kowa ba, zaurenka ka hana, ya je ya faɗa a nashi.

Sai mataki mafi haɗari, in an kama suna, an faɗi wuri, an ce a taru. Nan ba muhawara. Wanda ake nema shi za ka fara fitarwa ko ka aika a gaya mishi, sannan ka kira mai unguwa da liman da DPO, ko lambar gaggawa 112, kuma kar ka tura saƙon gaba ko da da niyyar "ku ga abin da ake faɗi". Kowa a garin nan ya tuna watan Mayun 2022, daga saƙon murya a guruf ɗin ɗalibai aka kai ga kashe ɗaliba bisa zargin ɓatanci a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya yi tir da kisan, gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24. Duk girman abin da ake zargin mutum da shi, akwai alƙali, kuma babu malamin kirki da zai ce maka taron jama'a ne ke zartar da hukunci.

Amma kar zafin abin ya sa ka ce gwamnati ta kama duk mai mummunan ra'ayi. A 2019 Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kawo ƙudurin dokar kalaman ƙiyayya har da hukuncin rataya a ciki, mutane sunka yi ca a kai, bai zama doka ba, kuma ni ina ganin gara haka. Wa zai fassara ƙiyayyar? Mai mulki. Yau kan maƙiyinka za a yi amfani da dokar, gobe kan ɗan jaridar da ya ce an cinye kuɗin asibiti.

Abu mafi wuya kuma, wanda yawancinmu ke faɗuwa a kai, shi ne in mai maganar naka ne. Malamin da kake so ya hau mumbari ya kafirta ɗaya ɓangaren, sai ka ce ai gaskiya ɗaci gare ta, in nasu ya yi irinta kuma ka ce a kama shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da muke alfahari da zama a garinshi ya yi rubuce-rubuce da yawa yana raddi ga masu kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin tauhidi ba. Ka gwada maganar malaminka da wannan awo, ka cire sunan ƙungiyar da ya zaga ka sa taku, in ka ji ba za ka iya haɗiye ta ba to ka same shi bayan karatu, da ladabi, ka ce Allah gafarta Malam, wancan wurin a sake dubawa.