Yadda mai juna biyu za ta riƙa yi wa ɗan cikinta hira

Ɗan ciki yana fara jin sauti wajen mako na 18, zuwa mako na 25 kuma har motsi yake yi idan ya ji murya. Muryarki ce ta fi isa gare shi, domin ta jikinki take ratsawa.

Ki ware minti 10 bayan Isha'i, lokacin da gida ya yi tsit. Ki kishingiɗa ta gefe, musamman daga mako na 28, don kwanciyar rigingine tana danne jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Ki ɗora tafin hannu a ciki, ki yi magana da muryarki ta kullum, ko karatun Alƙur'ani, ko ki ba shi labarin yinin. Maigida ma ya matso ya sa baki. Kada dai ki manna waya ko lasifika a kan cikinki, ƙara mai yawa ba ta yi masa kyau.

Babban amfanin zaman nan shi ne za ki san yadda yake motsi. Ranar da motsin ya ragu, kada ki jira gari ya waye, ki tafi Asibitin Murtala na Kano ko asibiti mafi kusa da ke. Haka nan idan kika ga jini, ko kumburin fuska, ko ciwon kai mai tsanani.

Maganin ƙarin jini na wurin awo kuwa, kada ki kora shi da shayi, yana hana jiki tsotsarsa. Ki sha da ruwa ko lemon zaƙi, ki bar tazarar awa biyu kafin shayi. Ki kwana a gidan sauro kullum, ko da zafin Afrilu.