Fim da Shirun Ƙarshen Mako a Ƙasar Waje

Ranakun aiki ba su cika wahalar da sabon zuwa ba, kana cikin jama'a kana kai-komo. Daga yammacin Juma'a abin ke farawa. Ka turo ƙofa, ka ajiye makulli, ba abin da ke motsi sai ƙugin firiji. A Landan cikin Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, a Jamus kuwa yawancin shaguna a rufe suke ranar Lahadi. Shekarata ta farko haka na riƙa zagaye ɗaki kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, sai fim ya zame mini abokin hira.

Amma ɗan'uwa, kafin ka kunna, san dokar inda kake. A Birtaniya sai da lasisin talabijin ake kallon duk tashar da ke watsa shiri kai tsaye, haka ma BBC iPlayer, manhajar kallon shirye-shiryen BBC ta intanet, ko da a waya ne, kuma tarar rashinsa kan kai fam 1,000. Fim ɗin da ka zaɓa da kanka a Netflix ko YouTube bai shiga ciki ba. A Jamus kuɗin rediyo da talabijin, wato Rundfunkbeitrag, yuro 18.36 ne a wata kan kowane gida, ko kana da akwatin ko babu. Kana rajistar adireshi wasiƙarsu za ta iso.

Sauke fim ta torrent kuwa, wato manhajar da mutane ke musayar fayil a tsakaninsu ta intanet, musamman a Jamus, ka rabu da shi. Manhajar tana sauke maka tana kuma rarraba wa wasu a lokaci guda, lambar intanet ɗin gidan tana bayyane. Lauyoyin masu fim kan aiko da takardar neman ɗaruruwan yuro, kuma ga wanda sunansa ke kan kwangilar intanet take zuwa. In mai gida ne ko abokin zama, ka ja wa wani jidali a banza.

Hanyar halas ma ba tsada. Yanki katin laburaren unguwa. Da yawa suna ba da aron faifan DVD, a Amurka kuma katin wasu laburaren kan buɗe maka manhajar kallon fim ta Kanopy ko Hoopla kyauta.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne kunna rubutun ƙasan allo da harshen da ake magana, ba fassara ba. Turancin makaranta daban, na direban bas daban. Nakan zauna da ɗan littafi a cinya, in tsayar da fim, in mayar baya, in maimaita maganar da ƙarfi har sau uku ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Bayan 'yan makonni sai na ji irin maganar a bakin mai karɓar kuɗi a kanti, na amsa ba tare da na ce ta sake faɗa ba. Ranar da kewa ta taso dai, fim ɗin Hausa nake nema a YouTube, in ajiye littafin gefe.

Bangon ɗakunan haya ba kauri, a Jamus kuma daga 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, don haka sayi abin sawa a kunne. Ka kuma kashe saitin da ke ɗora shiri na gaba da kansa, shi ne ke cinye dare har asuba.

Wata Lahadin ka fita silima kai kaɗai, ba mai yi maka kallon mamaki. Duba alamar da ke gefen sunan fim tukuna: a Jamus OV na nufin harshen asali, OmU harshen asali da rubutun Jamusanci, a Faransa VO na asali, VF kuma an juya murya zuwa Faransanci. A Birtaniya in ka makara kada ka yi gudu, talla kan ci wajen minti 20 kafin a fara.